Maɓalli na Uku a Kwat ɗin Hector

Gidan Tarihi na Marwood, Jihar Maryland
Talata, 8 ga Yuni, 1976, ƙarfe ɗaya saura kwata na rana

Zuwa ga Gwaggo Lavinia,

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Detroit. Allah ya sa gwiwar nan ta yi sauƙi tunda zafi ya shigo, ya ƙara miki ƙarfi da nisan kwana. Ina rubuta miki ne daga ɗakin ajiyar takardu, a lokacin hutun cin abinci, ƙofa a rufe. Wannan ce takarda ta uku da na fara. Biyun farko na yaga su, domin a cikinsu na yi ta kewaye-kewaye ban faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Mutanen Baltimore duk lafiya. Likita ya hana Baba gishiri saboda hawan jini, shi kuwa ya ce likitan yaro ne, bai san daɗin duniya ba. Mama tana ta shirin waƙoƙin da za su yi a coci ranar huɗu ga Yuli, har ta gyara miki ɗakin baya ta sa sabon labule. Ni ma lafiya lau nake, yau sati shida da kwana ɗaya da kama aiki.

Gwaggo, maganar kwat ɗin ce. Kin san yadda aka tsara. Ranar Lahadi huɗu ga Yuli, a bikin cikar Amurka shekara ɗari biyu da samun 'yanci, za ki hau dandamali a gaban gidan Kanar Elias Marwood, ki ba da labarin da Kaka Dorcas ta ba ki: cewa ranar da Kanar ya dawo daga yaƙin neman 'yanci, ya kira bawansa Hector, kakanmu, ya ce wanda ya yi yaƙi don 'yanci ba zai riƙe ɗan'adam a matsayin dukiya ba, ya tuɓe shuɗiyar kwat ɗinsa ya yafa masa, ya ce ya tafi, ɗa ne, ba bawa ba. Sannan ki miƙa kwat ɗin ga tsoho Mista Marwood, jikan jikan Kanar, a sa ta cikin gilashi. Ni aka ba aikin rubuta katin bayanin da za a kafa a gefenta. Da wannan labarin na samu aikin nan ma, domin shi na ba Misis Pruitt, shugabar gidan, ranar da ta yi mini tambayoyi, har idonta ya kawo ruwa.

Abin da kawai na rasa shi ne kwanan wata. Ba na son in rubuta "wajen shekara kaza". Sai na tafi kotun gunduma in nemi takardar 'yancin Hector, tunda a lokacin sai an rubuta a kotu ake 'yanta bawa. Na duba littattafan daga 1775 zuwa 1806, shekarar da Kanar ya rasu, sau biyu. Babu sunansa. Ban damu sosai ba, takardu sukan ɓace. Ranar Alhamis da ta wuce, uku ga wata, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, ina laburaren jiha ina juya hotunan tsofaffin jaridu a na'ura, ina neman labarin dawowar Kanar. A jaridar watan Oktoba 1784, shafi na uku, tsakanin tallar gishiri da cigiyar doki, na ga wannan. Na kwafe miki shi kalma da kalma:

"Ya gudu daga hannuna ranar tara ga wannan wata, wani bawa mai suna Hector, shekarunsa kamar ashirin da huɗu, dogo, siriri, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Maƙeri ne, ya iya karatu, yana in'ina idan an yi masa tsawa. Ya ɗauke shuɗiyar kwat tawa mai maɓallan ƙaho, sai na uku daga sama na kuza ne. Akwai tukuici ga duk wanda ya kamo shi ya tsare a kurkuku. Elias Marwood."

Ba sai na gaya miki wane maɓalli ba ne, Gwaggo. Ke kika ɗora yatsana a kansa ina shekara tara, kika ce matar Kanar ce ta ɗinka shi da hannunta a safiyar ranar don kada Hector ya tafi da kwat mai giɓi. Cigiyar ta fito sati huɗu a jere, daga nan ba ta sake fitowa ba.

Ba na son in zalunci Kanar, don haka bari in faɗa miki abin da na tabbatar na alherinsa. Gaskiya ne yana cikin wakilan da suka yanke shawarar rabuwa da Sarkin Ingila, alhali ya san rataya ce hukuncinsa in an sha kashi. Gaskiya ne ya buɗe rumbunansa ya ciyar da sojoji a cikin hunturu, na ga wasiƙun godiyarsu. Gaskiya ne ya taɓa sauka daga kujerar shari'a don kada ya yanke hukunci a ƙarar da ta shafi ƙanensa. Akwai ma wasiƙarsa da ya ce bauta tabo ce a jikin sabuwar ƙasa, wadda yaran makaranta ke haddacewa a nan kowace shekara. Duk ba ƙarya. Amma na karanta wasiyyarsa ma. Mutum talatin da ɗaya ya bari a bauta, ya raba su ga 'ya'yansa da sunayensu, bai saki ko ɗaya ba.

Sai kuma wata wasiƙa da ban san inda zan ajiye ta ba. Ya rubuta wa matarsa daga Philadelphia a watan Maris 1795, shekara goma sha ɗaya bayan cigiyar. A tsakiyar maganar masauki da ciwon haƙori sai ya ce: "Jiya na ga tsohuwar kwat ɗita tana tafiya kusa da kasuwa, riƙe da hannun wata yarinya ƙarama. Na tsallaka titi." Shi ke nan, ya koma kan haƙorinsa. Dokar lokacin ta ba shi ikon ya sa a kama Hector nan take. Bai yi ba. Bai kuma rubuta masa takardar 'yanci ba, ko a lokacin ko daga baya. Wasiƙar tana cikin akwatinmu na bakwai tun shekaru, masana da yawa sun karanta ta, sun ɗauka wasa yake yi game da tsohuwar riga.

Ranar Juma'a na kai wa Misis Pruitt cigiyar. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta ce ko wani Hector ne daban. Na nuna mata hoton kwat ɗin da kika aiko mana a watan Afrilu, maɓallin ya fito sarai. Ba muguwa ba ce, Gwaggo, ita ta tsaya mini da wasu a kwamiti suka ce ba a taɓa ɗaukar baƙar fata a ɗakin takardu ba. Ta ce Mista Marwood shekararsa tamanin da biyu, kuma a duk tarihin kakansa wannan labarin ne yake iya faɗa a gaban baƙaƙen garin nan kansa a ɗage. Ta ce a bar katin yadda yake har a wuce biki, daga baya a duba a nutse. Da na fara ba ta amsa sai harshena ya sarƙe, kin san yadda nake da in'ina, na tsaya a kan harafi ɗaya ina ta fama. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Corinne, sati shida kika yi a nan. Ki bari ki yi shekara tukuna." Za a kai katin maɗaba'a ranar Juma'a goma sha takwas ga wata, kuma ƙa'idar gidan ita ce wanda ya rubuta shi ke sa hannu a ƙasa.

Baba na gaya wa ranar Asabar da la'asar, muna bayan gida, an shimfiɗa jarida a tebur yana fasa ƙaguwa da 'yar guduma, abincin da likita ya hana shi. Da na karanta masa cigiyar sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware, Mama tana bubbuga masa baya. "Malama mai digiri," ya ce, "shekara huɗu muka tura ki jami'a don ki gano mana cewa ɓarawon kwat muka gada?" Mama ta ce ya ji kunya, ya ce kunyar me, ai mutumin da ya sace kansa da kansa ya kuma haɗa da rigar maigida ya cancanci a tuɓe masa hula. Sai ya ce in sake karanta wurin in'inar. Na karanta. Ya ajiye gudumar, ya kalle ni, bai ƙara taɓa abincin ba. Da na tambaye shi ko zai kira ki, ya ce shi Yaya Vinnie, wato ke, ce ta goya shi, har gobe tsoronta yake ji, wanda ya tono shi zai rubuta.

Shi ne ya tuna mini da dokar Kaka Dorcas: ba a shanya kwat ɗin a waje, ba a sa ta a gaban baƙo, ba a kuma kai ta kudu, inda aka yi bautar. Kin tuna ranar da na fitar da ita daga akwati na rataye a igiyar shanya don warin kafur ya fita? Ba ki taɓa yi mini tsawa irin ta ranar ba, na kasa ko furta sunanki. Duk mun ɗauka camfin tsofaffi ne. A wasiƙarki ta Afrilu kin ce za ki karya dokar karo na farko, tunda gida kwat ɗin za ta koma.

Akwai abu ɗaya kuma, amma wannan zato na ne, ba ni da takardar da ta tabbatar. Na bi sawun labarin kyautar kwat ɗin in ga inda ya samo asali. Babu shi a takardun iyalin Marwood ko ɗaya. Farkon fitowarsa a wani ɗan littafi ne da limamin cocin garin nan ya buga a 1859, kuma ya ce daga bakin wani tsohon maƙeri baƙar fata ya ji shi a Philadelphia, ɗan Hector. Wato daga gidanmu labarin ya fito. Ina ganin mutumin da ba shi da takardar 'yanci, ga kwat ɗin babban mutum a jikinsa, dole ya tanadi amsar da zai ba duk wanda ya tare shi a hanya. Wa zai ƙaryata cewa Kanar Marwood, mai wasiƙar nan ta tabon bauta, ya 'yanta bawansa? Ina ganin ya koya wa 'ya'yansa labarin har suka haddace, don kada wani ya yi suɓutar baki. In haka ne, mafi kyawun abin da garin nan yake faɗa a kan Kanar, Hector ne ya ƙera masa shi, kuma labarin ne ya tsare mu.

Ga abin da na yanke a kaina: ba zan sa hannu a katin yadda yake ba. Na san abin da hakan zai iya jawo mini. Amma kwat ɗin taki ce, bakin da zai yi magana a dandamali ma naki ne. In kin ce a fasa, zan gaya musu jikinki ne bai ba ki dama ba, ba zan ƙara komai ba. In kin ce za ki zo ki faɗi labarin yadda Kaka Dorcas ta ba ki, zan zauna a layin gaba in saurara, ba zan kunyata ki ba. In kuma kin ce a kafa cigiyar a gefen kwat ɗin, zan kai wa Mista Marwood da kaina kafin ya gani a gaban jama'a. Roƙona kawai amsarki ta iso ni kafin goma sha takwas ga wata. Ki yafe mini, Gwaggo. Kwanan wata kawai na je nema.

Ki gaishe mini da Kawu Thaddeus, da Anti Pearl da yaranta, da Misis Odom maƙwabciyarki mai ba ni alewa. Baba da Mama suna gaishe ki, Baba ya ce in rubuta cewa babu hannunsa a ciki. Allah ya tsare mana ke.

'Yarki mai ƙaunarki,
Corinne

Don kada in faɗi abin da ya wuce sanina, ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ban san abin da ya faru ranar tara ga Oktoba da ya sa Hector ya zaɓi wannan rana ba.

Ban san wa ya ɗinka maɓallin kuzan ba.

Ban san ko tabon hannunsa na maƙera ne ko na wani abu daban ba.

Ban san wa Hector ya bari a baya a cikin mutum talatin da ɗayan nan ba. Akwai wata tsohuwa a wasiyyar mai suna Dorcas, suna ɗaya da Kaka.

Ban san abin da ya sa Kanar ya tsallaka titi ba, ko tausayi ne, ko kunya, ko gudun surutu a garin da ake ganin girmansa. Ban kuma san ko Hector ya gan shi ba.

Ban san ko Kaka Dorcas ta san gaskiyar ba lokacin da take kafa miki dokar.

Kuma ban sani ba, Gwaggo, ranar da kika fizge kwat ɗin daga igiyar shanya kina waige-waige ta kan katanga, ko ke ma kin sani.