Ƙafar Mato

Yaya Gwadabe,

Na fita kana masallaci, alƙalin Rano ya aiko kirana. Jiya ina tuƙa motar gyaɗa na tarar da Mato maƙwabcinmu yana tafiya a ƙasa wajen Nariya, na ce ya hau kan buhuna. Wa zai wuce maƙwabci? Muka faɗa rami, ya faɗo, ƙafarsa ta karye.

Mai motar ya ce inshora gyaɗa ta sani, babu ruwanta da wanda ya hau kan kaya. Ya janye jikinsa. Ni kaɗai zan tsaya, ko ɗan rakiya ban samu ba.

Ka kai wa Mato fura gidan maɗori. Kada ka ce daga wurina take, ba zai sha ba.

Lado