Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu

Auta ta dawo makaranta da jinga: miliyan ɗaya da ɗaya. Wai a gano ko tana rabuwa daidai, ko tana cikin lambobin nan masu taurin kai da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Na ce kawo nan, ubanki kafinta ne, rabo sana'armu ce. Mamarta ta yi tari daga kicin. Na san tarin.

Talata, 7 ga Mayu

Na bar ƙofar mutane ban ƙarasa haɗa ta ba, na zauna da fensir da guntun katakon filawud. Biyu ta ƙi, mara ce. Uku, saura biyu. Bakwai ma saura biyu. Duk wadda na gwada sai in ɗiga mata alama a jikin rulata. Rular ta ƙare a ɗari, ni ma na ƙare. Abin da ya gagari ɗari wa zai iya masa?

Na ce wa Auta ba ta rabuwa. Ta ce, "Baba, duka ka gwada?" Na ce duka. Har da buga ƙirji, ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, shi ma ba da yardar malamai na kai can ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ɗari da ɗaya.

Juma'a, 10 ga Mayu

Jiya hannu ya ƙi rubutu. Ashe ɗari da ɗaya sau dubu tara da ɗari tara da ɗaya ne. Taku ɗaya bayan inda na miƙe na karkaɗe wando. Da wani aka yi wa, da na shekara ina ba da labari a shago.

Daga mamarta na ji. Yarinya ta tashi a gaban aji ta ce babanta ya gwada duka. Malama ta rubuta amsa a allo, Auta ta yi gardama, har sau biyu: "Babana ba ya ƙarya." Yanzu 'yan ajin "Duka" suke kiranta.

Da ta shigo na ce, "Ina Malama Duka?" Ban san me ya kai bakina ba. Ta ce, "Sannu da gida, Baba," ta wuce ɗaki. Da ma zagina ta yi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Mamarta ta karɓi taya Auta jingar makaranta. Ita da ta ce lissafi na sa ta jiri. Ni an bar ni da gyaran ƙafar kujera.

Talata, 14 ga Mayu

Auta ta same ni a shago ina ta fama da dubu tara da ɗari tara da ɗayan nan a bayan filawud. Ba don komai ba, aiki ne babu. Ta tsaya a kaina.

"Ita tana rabuwa?"

Wasa uku suka zo mini baki. Na haɗiye su. Na ce ban sani ba, a arba'in da uku nake.

Ta share garin katako a benci ta zauna. Wai Malama ta ce wannan in an kai ɗari an gama, don ɗari sau ɗari ta haura ta. Waccan miliyan ɗaya da ɗayan ce ke son a kai dubu. Wato rulata tana da rana, lamba ce ban dace ba.

Mun kai casa'in da bakwai, ba wadda ta raba ta. Ta ce, "Gobe in ce mun gwada duka?" Na ce ki ce mun gwada zuwa ɗari, ki faɗi dalili.

Ta tafi mini da fensir. Ban tambaya ba.