Subiyar Maman da Farantin Bajamushe

Litinin, 4 ga Sha'aban 1446

Ni Maman, ban gaji ko ludayi ba. A mutawassiɗa, ƙaramar sakandare, karatuna ya tsaya. Da bokiti ɗaya na fara sayar da subiya, abin sha na jiƙon sha'ir, a gangaren Nakkasa a nan Makka, ƙanƙara a kaina. Yau shago biyu a Misfala, mota mai firji, ma'aikata. Ba wanda ya ɗora mini, ba wanda ya sauke. Sai ga ɗan cikina, Talal, ya kai ni gidan giya.

Jiya muka dawo daga Jamus. Injin cika kwalba muka je gani. Dillalin ya ce mu je mu ga yana aiki a wurin wani abokin cinikinsa. Ashe mai dafa giya ne, a nan yake dafawa, a nan ake sha. Manyan tukwanen tagulla bayan gilashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙamshin jiƙaƙƙen sha'ir, sak bayan shagona da asuba.

Mai wurin, wani jibgege mai jan gemu, ya kawo farantin katako mai ramuka, kowane rami da ɗan kofi. Wani kalar zuma, wani kalar gahawa. Talal ya ce, "Yabuya," wato Baba, "waɗannan babu maye, ga shi a rubuce." Ni na iya Jamusanci?

Laraba, 6 ga wata

Ashe Talal ya ɗauki hoto. Ya sa a waya, kowa ya gani. Ni, da farantin a gabana.

Jumma'a, 8

Marwan, mai subiyar tsallaken titi, ya tare ni a ƙofar masallaci. "Abu Talal, barka da hanya. Ashe shi ya sa subiyar taka take da kaifi." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Kowa a Makka ya san subiya in ta kwana uku juyawa take yi, ta kama hanyar giya. Tun ina saurayi, wadda ta rage a kwata nake zubarwa, ina kallo tana tafiya. Wanda ke ƙara wa tasa sukari don ya ɓoye tsami, shi ne yau mai bakin magana.

Lahadi, 10

Na haɗu da Abdulilah, mai kula da buɗe-baki a masallacinmu. Duk azumi subiyata ake jerawa a kan shimfiɗa. Na ce bana nawa za a kawo? Ya sosa gemu. "Za mu duba, Alhaji." Za mu duba. A hannuna aka haife shi.

Talata, 12

Talal ya zo da dabara. A cire sunana daga allon shago da kwalabe, a sa wani suna da baƙaƙen Turawa, "har maganar ta mutu." Na ce maganar ce za ta mutu ko ni? Na kore shi daga shagon.

Matata Kabira ta ce, "Yaron nan gyara yake nema, maigida." Na ce wanda ya fasa tulu ba shi zai koya mini ɗiban ruwa ba. Ta dai tambaya, "To ka sha ko ba ka sha ba?" Na tashi na bar mata ɗakin.

Asabar, 16

Ciniki ya ja baya. Tsofaffin da ke saya kullum suna wucewa, ido a ƙasa.

Na tuna wani abu. A gidan jibgegen nan akwai baƙin allo. Kowace tukunya da ranar da aka dafa ta, da sunan wanda ya dafa, da alli. Mai dafa haram bai ɓoye sunansa ba, ni mai halal za a ce in ɓoye?

Na je wurin kafinta.

Jumma'a, 22

Bayan salla na kafa tebur a ƙofar shago. Katako mai ramuka, ƙananan kofuna: fara ta sha'ir, da ja, da ta zabibi, da ta tsamiya. Kyauta. A allo na rubuta ranar jiƙo da ranar tacewa, da sunana a ƙasa. Na ce duk mai shakka ya ɗanɗana, ya shiga ciki ya leƙa tukwane.

Abdulilah ya sha duka huɗu, ya koma kan fara. Marwan bai tsallako ba.

Alhamis, 28

Masallaci sun aiko a kai subiyar azumi. Kamar kullum.

Talal ya dawo aiki. Ya ɗaga katakon yana juyawa. "Yabuya, wannan ai farantin Bajamushe ne." Na ce katako na Allah ne, je ka wanke kofuna.

Can a Jamus, kofi na biyu daga hagu, mai kalar zuma. Leɓena kawai ya taɓa, kuma an ce babu maye. Akwai ɓawon lemo a ciki. Jiya na jefa kaɗan a ƙaramar tukunya, don gwaji ne kawai.

Injin zai iso bayan Salla. Na yarda yaron ya zaɓi kalar takardar kwalba. Amma a sama, da manyan baƙaƙe, da Larabci da boko, a rubuta Maman. Ba Abu Talal ba. Maman.