Marinero Ya Bar Gurbin Hagu

Majagua, 9 ga Yuni, 1920

Zuwa ga ƙanena Eulogio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Casilda da yara, ya kuma raba ka da tarin nan da ƙurar taba ke sa maka a wurin aikinku na Tampa. Mu nan lafiya lau. Matata Eduviges tana fama da gwiwa amma bakinta garau yake, jikarmu kuma ta fara tafiya.

Ka tuna maganar da kakanmu ke yi mana muna yara, wai shanun da suka daɗe a karkiya ɗaya, in aka raba su ɗayan ba ya rayuwa? Ni ban taɓa yarda ba. Tsohon nan ne fa ya ce ya ga kada a cikin coci. Na ƙara jin maganar a bakin masu amalanke, na ce hirar masu jiran awon rake ce.

Ka san abin da sukari ya zama bana. Tun da aka gama yaƙin Turai farashinsa yake hawa, kowa ya rikice. An sare dajin bayan rafi, an tumɓuke rogo da ayaba, an shuka rake har bakin ƙofa. Mutanen da ka bari ba takalmi yanzu madarar gwangwani suke sha, ga saniya a bayan ɗaki. Maƙwabcinmu Liborio ya sayi garmaho, kullum waƙa ɗaya, har akunsa ya haddace. Nama kuwa, da sai ranar Lahadi, yanzu kowace rana, mahauta ba sa samun na yanka.

Ɗana Fermín, da yake shi ke riƙe da gonar yanzu, ya sayo motar ɗaukar kaya, ya sayo wa uwarsa keken ɗinki, ni kuma agogon aljihu, ko don in san lokacin da ba ni da aikin yi. Ban yi masa faɗa ba. Yaron kirki ne, kuma raken na isa injin matsa da wuri.

To, watan jiya na tafi Ciego wajen likitan ido, na kwana huɗu. Na dawo na tarar da Marinero shi kaɗai a ƙarƙashin mangwaro. Azabache ba ya nan. Su ne marukan nan biyu da ka shayar da hannunka kafin ka tafi, ka raɗa musu suna, shekara goma sha ɗaya ke nan. Fermín ya tarye ni da fara'a, ya ce wai tunda mota ta zo shanu sun huta, mahauci ya nace sai ya ba shi mai ƙibar, amma ya bar min ɗaya in riƙa gani ina jin daɗi. Wallahi, Eulogio, a ransa alheri ya yi min. Uwarsa ce ta ce masa sakarai, ai da ya sayar da takalmin dama ya bar wa ubansa na hagu.

Marinero ba ya cin komai. Kullum da safe sai ya je gaban tsohuwar amalanke ya tsaya a dama, ya bar gurbi a hagu, ya sunkuyar da kai yana jiran a ɗaura masa karkiya. Na kai masa ganyen rake, na shafa masa zuma a hanci, na kira sunansa. Da na yi kuskure na kira sunan Azabache kamar yadda bakina ya saba haɗa su, sai ya waiwaya hagu.

Washegarin dawowata na hau alfadari na nufi gari in karɓo Azabache ko da agogon nan ne. Críspulo mahauci ya cire hula da ya gan ni, ya ce in yi haƙuri, tsoho, na makara da kwana ɗaya, an riga an yanka shi. Wai ya ƙi ci ya ƙi sha tun da aka kawo shi, sai ramewa yake, ga otal na jiran nama. Ya miƙo min zoben hancinsa. Na sa a aljihu na juyo.

Marinero ya kai kwana tara a haka. Ranar da ya kwanta ruwan sama ya sauko, motar ta kafe a taɓo da lodin rake, sai da aka aro shanun Liborio suka ja ta. Mahauci ya aiko a sayar masa da Marinero kafin ya mutu, Fermín da kansa ya kori ɗan aiken. Da Marinero ya mutu, shi ya haƙa ramin a gindin mangwaro, ya hana kowa taɓa shebur. Na jefa zoben a ciki, ta hagu.

Ka gaida Casilda, da Ramona, da ƙaramin Nicasio takwarana, da Inna Petrona in tana gane mutane. Eduviges na gaishe ku.

Maganar kakanmu kuwa, na sake jin ta. Muna tsaye bakin ramin, wani ya share ido da hannun riga ya ce da ni, ashe Baba an ce in aka raba su ɗayan ba ya rayuwa. Fermín ne ya faɗa min.

Naka, yayanka,
Nicasio Padrón