Ɗakunan Baya Aka Fara Gyarawa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Masu gyaran gidaje na hukuma sun iso layinmu. Wata injiniya, sa'ar 'yarmu, ta zagaya gidan da na gina da gumina, tana ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana. Wai in ƙasa ta girgiza ba zai tsaya ba. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ɗakunan haya na baya za a fara ɗaurewa da ƙarfe, a sa musu silin mai tare zafi, benenmu kuwa sai zagaye na biyu. Hujjarta, can ne talakawa ke kwana ƙarƙashin tankin ruwana, ba su da wurin zuwa. Har sharaɗi aka gindaya mini, ban da ƙarin haya. Telan da ke haya a baya sai murmushi yake yi mini. Na sa hannu ne kawai don kada a ce na ƙi.

Mijinki,
Mai Shago

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya mai jiki? Kafin ki ji a bakin mutane, kowa lafiya.

Shekaranjiya da hantsi ƙasa ta motsa. Ina shago, gwangwanaye suka zubo daga kanta. Na ruga gida ba takalmi, ni da ban taɓa gudu a gaban yara ba. Bangon falonmu ya tsage har hannu yana shiga, matakala ta rufta. Ɗakunan baya da aka gyara kuwa ko fenti bai ɓare ba.

Yanzu a ɗakin tela nake kwana. Ya bar mini katifa, yana tsokanata wai baƙo ba ya zaɓen gefe. Ɗakin da sanyi ko ba fanka, shi ya sa katin wutar lantarkinsu ba ya ƙarewa da wuri.

Jiya na je na yi wa yarinyar nan injiniya godiya, hula a hannu. Ban iya dogon bayani ba. Lokacin da abin ya faru, jikokin mai wankin da ke haya su uku suna barci a ɗakin baya na ƙarshe. Da an bi son raina, da yau falona yana tsaye ƙyam, ina zaune a cikinsa ina karɓar gaisuwar mutuwa.

Ki taya ni gode wa Allah. Ki gaida Inna.

Mijinki,
Mai Shago