Sanyin da Bargo Bai Warkar ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, wanda ɗakunan shan magani na ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu ke ƙarƙashin hannunsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, kai ma ba ka san ni ba. Manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Bungudu, tsoho, ban yi boko ba, ko ajin yaƙi da jahilci ban zauna ba. Wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a Tudun Wada na sa ya rubuta mini wagga, na ce masa ya bar maganata yadda ta fito daga bakina, kar ya sa mata sukari, kar kuma ya mai da ita ta Kanawa. Jarida na ce a kai ta, don duk zuwan da na yi ƙofar ofishinka masinja cewa yake kana rangadi.

Maganar ɗiyata ce ta kawo ni. Ita ce ta fari gare ni, ka kuwa san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da anka raɗa mata suna bai taɓa fita bakina ba. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta sai in ce "waccan". Yau ga ni ina zancen abin da ke ƙasan cibiyarta cikin jarida. Daga nan ka auna inda anka kai ni.

Na ɗaya. Mijinta direba ne a Tsafe, yana jigilar auduga da gyaɗa. Ni na ba shi ita, ban kuma ce mugun mutum ba ne, amma ɗan mota ne, hanya tana da masaukai. Ya ɗauko ciwon nan da maza ke ɗaukowa, mai zafin fitsari da mugunya, wanda muke ce wa sanyi. Ya je ɗakin shan magani na wajensu, anka yi masa allura, ya ji sauƙi. Malamin asibitin bai tambaye shi ko yana da mata ba. Bai ce masa ya kawo ta ba, bai ce masa ya ƙaurace mata har a duba ta ba. Ya cire allura ya kira na bayansa. Ba a daɗe ba ciwo ya dawo, ya koma, anka sake soka masa allura, anka sake sallamarsa shi kaɗai.

Na biyu. Cikin haka ɗiyata ta haihu, mace, munka sa mata Balaraba. Tun kafin suna idanunta sunka kumbura sunka rufe, mugunya tana fita kamar ana matsa maruru. Tsofaffin mata sunka yi abin da sunka sani, a ɗiga nonon uwa, a sa kwalli, a wanke da ruwan ɗumi. Ido ɗaya ya buɗe. Ɗayan da ya buɗe sai ga hakiya fara ta rufe shi. Yarinyar yanzu tana tafiya, in ka miƙa mata ƙosai ta gefen hagu sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta gan shi. Mu duka cewa munka yi ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, ban musa ba, amma ta hannun mutane ta biyo.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Da ciwon ya sake dawo wa surukina bana, malamin asibitin ya ɗaga murya gaban jama'a ya ce masa, "Kai dai ba ka jin magana, ka koma inda ka saba ke nan." Shi kuwa ya rantse da Allah tun da anka haifi Balaraba ya tuba, bai sake zuwa ko'ina ba. To in bai je ko'ina ba, daga ina? Ya zauna ya yi lissafinsa na direba, lissafin ya faɗa kan matarsa. Ya sa ta mota da wani sabon ciki, da yarinya a baya, ya aiko mini ita, wai ta zo ta huta. Na san irin wanga hutu. Matar da ba ta leƙa ko zaure sai da izninsa, ita anka rataya wa abin da ba ta taɓa yi ba, don wanda kunka ajiye ya warkar da mutane ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi.

Na huɗu. Da ta zo, uwarta ta same ni ta ce ɗiyar nan tamu tana fama da ciwon mara, tana kuma ganin abin da bai kamata ba, sanyi ne. Mata sunka ce wankan jegon Balaraba ne bai yi kyau ba, ruwa bai tafasa sosai ba, sanyi ya shige ta. Har anka riƙa yi wa matata gori, wai ta yi rowar itace. Na ɗauki sandata na tafi ɗakin shan magani na wajenmu, tun da mu ba ma fitar da mace mai ciki in namiji zai iya karɓo mata.

Ranka ya daɗe, ka taɓa tsayawa a wancan layi? Taga ɗaya ce. Bayana maƙwabcina ne, gefe matar limamin garinmu ce da jikanta. Malami yana rubutu, bai ɗago kai ba, ya ce, "Baba, mi ke tafe da kai?" Na ce ɗiyata ce ba lafiya, sanyi ke damunta. Iyakar abin da uba zai iya faɗa ke nan gaban matar liman. Na tsaya ina jira ya ce wane sanyi, na ƙirji, ko na gaɓoɓi, ko wancan. Bai ce ba. Ya ba ni farar ƙwaya a takarda da man shafawa mai yaji a kwalba, ya ce ta riƙa rufa da kyau, ta bar taɓa ruwan randa.

Ni kuma na bi. Na shiga kasuwa na zaɓo bargo mafi kauri, irin mai ja da baƙi. Na sare itacen da nake tanadi don damina. Cikin bazara, ana zafin da kaji ke buɗe baki, ɗiyata tana kwance cikin bargo tana zufa, uwarta tana tafasa ruwa safe da yamma, ana murza mata man nan a gwiwa. Gwiwar da lafiyarta lau. Tana jin kunyata, ni ina jin tata. In na leƙa na ce, "Ke, ya jiki?" sai ta ce da sauƙi, Baba.

Na biyar. Gaskiya ta fito ne ta inda ban zata ba. Na kai Balaraba wani asibiti a Gusau ko za a iya cire hakiyar. Wata sista dattijuwa ta duba ta, ta ce idon ya riga ya tafi. Sai ta ja ni wani ɗaki ta rufe ƙofa, ta tambaye ni yaushe ya fara, ina uwar, mi uban ke yi. Allah ya saka mata, ita kaɗai ta zaunar da ni kamar mutum. Ta ce ciwon da ke jikin uban shi ke jikin uwar, shi ne kuma ya shiga idon jinjira a hanyar fitowa. Ta ce a jikin mace yakan ɓuya, wata ma ba ta jin komai. In an yi wa miji allura an bar mata, ya koma gida ya sake ɗauka daga abin da shi ya ajiye. Ta ce akwai maganin da ake ɗiga wa jinjiri a ido da zarar ya faɗo, akwai kuma awon da ake yi wa mai ciki, na jini da na wanin jini, don akwai ɗan'uwan wanga ciwo, tunjere, mai kashe ɗa tun a ciki. Na gaya mata zancen bargo. Ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni ta ce, "Baba, ku kawo su su biyu, kafin ta haihu."

Na wuce Tsafe ban koma gida ba. Na sami surukina a tasha, na ja shi bayan mota na gaya masa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baba, ban raina ka ba, amma malamin asibiti da bakinsa ya ce na warke. Ina ji daga mai allura, ina ji daga gare ka, wa zan bi?" Ka ji. Maganata ta uban mata ce, ba ta da nauyi. Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara.

Tun da anka ji zan kai magana jarida, gidana bai rabu da baƙi ba. Ƙanena ya ce na tsufa na fara ruɗewa. Mai unguwa ya ce in rufa wa yarinya asiri. Wane asiri? Duk macen da ke zuwa rijiya ta san an koro ɗiyata, kowa da abin da yake raɗawa. Shirun da munka yi shi ya ci idon Balaraba. Mu mutane ne masu sakaya suna. Ɗan fari ba mu kiransa, suruki ba mu kiransa, ciwon kunya mun lulluɓe shi da sunan mura. Wannan namu ne, mun gada. Amma ku da kunka yi karatu kun san muna haka, a cikinmu anka haife ku. Wanda ya zauna a waccan taga ya san in Bazamfare ya ce sanyi, magana ba ta ƙare ba.

Kuma kar a ce mini gwamnati ba ta da halin sanar da mutane. Da za a canza mana kuɗi daga fam zuwa naira, mota mai lasifika har ƙauyenmu ta zo. Da za a canza hannun tuƙi, har waƙa anka yi mana, mu masu jakuna. Haraji bai taɓa ɓatan hanyar gidana ba. Malamin dabbobi ma in ya zo huji, ba ya soka wa bijimi shi kaɗai ya bar shanun da ke kwana garke ɗaya da shi. Ashe saniya ta fi ɗiyata gata.

Ga abin da nake nema, kuma ba bara nake yi ba.

A umarci malamin asibitin da ya yi wa surukina allura ya kira shi, a ɗaki ba a taga ba, ya gaya masa daga inda ciwonsa ke dawowa da wanda ya fara kawo shi gidan. A yi musu magani lokaci ɗaya, shi da matarsa. Yadda anka ɓata ta da baki, a wanke ta da baki.

Duk namijin da ya zo da wanga ciwo, kar a sallame shi sai an tambaye shi iyalinsa, an ce ya kawo su, ko ɗaya gare shi ko huɗu. In kunya ta hana shi, a ba shi wata shaida ya kai gida wadda mace za ta zo da ita ba sai ta yi bayani gaban kowa ba.

A sa mace a kowane ɗakin shan magani, ko da ranar kasuwa kaɗai, wadda mata za su iya buɗe wa baki. A sa labule ko ƙofa. Kuma duk wanda ya ce sanyi, a tambaye shi wanne.

Awon nan da ake yi a Gusau a riƙa kawo shi Tsafe da Bungudu, don ba kowace mai ciki ke iya jure bayan babbar mota ba. Maganin idon jinjiri kuma a ba ungozomomin ƙauye, a koya musu. Su ke karɓar 'ya'yanmu, ba ku ba.

Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, cikin ɗiyata ya tsufa, ba zan jira rangadinka ya ƙare ba. Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu zan sa ta gaban mota in kawo ta Gusau, da mijin ko ba mijin. Zan zo da tabarmata da butata, ba zan tashi daga ƙofar asibiti ba sai an auna ta. Jikan da ke tafe da ido biyu nake son ya ganni.

Na san wurin yankan kati za a tambayi sunan mara lafiya. Uwarta ta ce za ta biyo mu don ta faɗa a madadina. Na ce ta zauna ta kula da Balaraba. Ni zan faɗe shi, da bakina, ko wa ke tsaye a bayana. In kuma anka tambaye ni mi ke damunta, ba zan ce sanyi ba. Zan ce ciwon da mijinta ya kawo mata ne, wanda anka yi masa magani anka bar ta da shi. Bargon ma zan zo da shi, in bar wa masinjanka ya ajiye maka.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya sa ka gama da wagga kujera lafiya. Allah ya raya maka zuriya, ya tsare idanunsu, kar ya nuna maka ranar da za ka tsaya a taga ka rasa sunan da za ka kira ciwon ɗiyarka.

Wassalam.

Ni ne Nomau Ɗan Tanko, manomi, ƙasar Bungudu. Ga dangwalen yatsana a ƙasa.