Wanda Ya Raɗa wa Kwalanjido Suna

Alhamis, 27 ga Shawwal, 1420
Kasuwar Shinkafi. Na iske taro bakin rumfar Sodangi, masassaƙi irina, kamar ana rabon nama. Wani ɗan boko ne daga Gusau, Muhtari, da takarda da rakoda. Wai tunda anka ba mu jiharmu, za su tara kalmomin Zamfara a littafi, kada Sakkwatawa su ce nasu ne. Tambayarshi: mi ake nufi da kwalanjido, wa ya raɗa sunan? Cokalin iccen nan mai haƙora uku, na cin ɗanwake. Ni Gado na fara sassaƙa shi a duniya. Rumfata taku goma, ba wanda ya waiwayo.

Juma'a, 28 ga Shawwal
Sodangi ya ce musu wai mayaƙan Zurmi na da sunka ƙago shi, ma'anarshi "makamin ciki" da tsohon harshe. Wane harshe? Kalmar ba ta nufin komi. Har hoto sunka ɗauke shi da babbar riga. Ta aro ce, na san mai ita.

Litinin, 1 ga Zulƙida
Matata Saliha ta ce, "Malam, da furfurarka kana hushi kan cokali?" Ban ci tuwonta ba. Sai da ta shiga ɗaki.

Laraba, 3 ga Zulƙida
Hamisu direba ya ce a Kaura yanzu "cokalin Sodangi" suke cewa.

Juma'a, 5 ga Zulƙida
Na tare liman bayan salla nan Badarawa. Na ce tunda Shari'a ta kankama, gaban alƙali zan kai Sodangi. Ya ce ina shaiduna? Duk sun rasu, suna kushewa. Ya ce, "To in ya mayar maka da rantsuwa, za ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani cewa kai ka raɗa sunan?" Sai na ce ƙafata na ciwo, na taho gida.

Asabar, 6 ga Zulƙida
Shekara hamsin ina faɗin wanga labari, ban taɓa faɗinshi da alwala ba.
Muna samari, ni da Sodangi, muna koyon aiki gidan Sarkin Sassaƙa a Zurmi. Dokarshi ɗaya: ba a sassaƙa ɗanyen icce. Na yi gaggawa, na ɗauki reshen da ya jingine don ya bushe, na yi cokali. Kwana uku bakin ya tsage gida uku. Maigida ya ɗaga shi, ya ce wane ɗan banza ne? Na yi shiru. Sodangi ya ce shi ne. Bulala ya sha har da jini. Bayan nan ya iske ni bayan rumbu na ɓuya, ya soki ɗanwake da abin, ya ɗaga sama ya ce, "Kwalanjido, ranka ya daɗe!" Munka yi ta dariya, shi yana hawaye.
Daga bakinshi ta fito. Amma ai ni na tsaga iccen.

Alhamis, 11 ga Zulƙida
Na sami Sodangi shi kaɗai a rumfarshi. Ya tsufa, hannunshi na rawa kan gizago. Na ce don mi ka yi wa mutanen Gusau ƙarya? Bai ɗago ba. "Gado, so kake in ce musu ɓarnarka ce? A littafi, jikokinka su karanta?"
Na ce ban roƙe shi rufin asiri ba. Ya ce ko wancan karon ban roƙa ba.
Har yanzu ya fi ni iya magana. Abin da ke ƙona ni ke nan.

Alhamis, 18 ga Zulƙida
Muhtari ya dawo. Na kira shi, na ce Malam ɗan boko kunna abin nan naka. Na faɗi duka, har bulalar. Ya ce sunan wa zai fara rubutawa? Na ce ya bi tsarin shekaru, Sodangi ya girme ni da damina ɗaya. Ba don komi ba.
Da zan tashi na ga kayan Sodangi sun yi yawa ga mai rawar hannu. Na ɗaure mishi su, na kai tasha. Hanyata ce dai.